Korar Misbahu

Sanda ta uku ce ta fasa wa Misbahu goshi a tsakiyar kasuwar Kanambakashe. Mai dukan kuwa wansa ne, Abdussalamu.

"Yau za ka bar mana ruga, marar kunya!"

Laifin Misbahu ɗaya ne. Ɗiyarsa Zulfa ta ci jarrabawar shiga lise, makarantar sakandaren da ke ɗaukar zakarun ɗalibai a Tasawa, shi ne ya nemi ƙaura can don ta samu masauki. Tsohonsu kuwa ya rantse babu ɗansa da zai bar ruga yana raye.

Misbahu ya share jini, ya fizge sandar, ya sauke ta a hannun wansa har ƙashi ya yi ƙara. Da tsoho ya ga za su kashe juna, sai ya ɗaga murya: "Tafi, Misbahu! Na ɗauki kaffarar rantsuwata!"

A bakin hanya Misbahu ya tarar da amalanken Abdussalamu, an ɗaure masa kayansa tsaf a kai, har da buhun hatsi. Kusa da Zulfa, ga Kadijatu ɗiyar wansa rungume da littattafai.

"Baffa," ta ce, "Baba ya ce in dabarar ta yi, ka tafi da ni. Ni ma na ci. Yana ina?"