Haɓar Kubura

Tun da aka sa wa motocin haya ƙofa mai duba fuska, maza gaba mata baya, Kubura ke aske haɓa kullum. Ciwon ƙwan mahaifa ne ya rikita mata al'ada, ya tsiro mata da gemun da mijinta ma ya kasa tarawa.

Yau fatar ta kumbura, ta ajiye reza.

"Sannu da zuwa, Alhaji," in ji ƙofar, lokacin da Kubura ta zo shiga mota.

Direba ya ce, "Hajiya, sauka ki gyaro fuska, kada a kama ni."

Biyu daga cikin matan baya suka shafa haɓa ta cikin mayafi.

Kubura ta zauna a kujerar gaba, ta miƙe ƙafa.

"Ƙofarka ce ta faɗa, ba ni ba. Ja mota, Malam, likita na jiran Alhaji."