Alƙalami na Ashirin da Uku

Ran Talata, sha ɗaya ga Satumba, 1979, gari ya waye da yayyafi. Ƙarfe takwas Farfesa ya shigo ofis ya jefa wani tsohon littafin rubutu a kan teburin mai tafireta.

"Ke, Tafireta! Shafi na ƙarshe, kwafi sittin kafin sha biyu. Ki kuskure alƙalami ɗaya, ki nemi wani aikin."

Shekara uku tana yi masa aiki, bai taɓa tambayar sunanta ba, bai kuma taɓa tsayawa ya dubi fuskarta ba.

A shafin akwai lamba guda mai alƙaluma arba'in da ɗaya, an jera su da ƙaramin rubutu mai tsafta. Ita ce lambar da Farfesa ya cika makarantar da labarinta. Ya ce shi ya gano ta, kuma babu abin da ke raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta. Yau zai gabatar da ita, gobe a aika wa mujallar masana lissafi.

Ta fara bugawa. Da ta kai alƙalami na ashirin da uku yatsanta ya ɗan tsaya. Sai ta buga biyar, kamar yadda yake a rubuce.

Ɗakin taro ya cika. Farfesa ya rubuta lambar daga wannan gefen allo zuwa wancan, ya kakkaɓe alli, ya tsaya jiran tafi. Dakta, mataimakinsa, wanda suka shekara biyu ko gaisuwa ba sa yi, ya miƙe da takardarsa a hannu.

"Ranka ya daɗe, ni ƙaramin ɗalibi ne, sai na yi abin da ake koya wa 'yan aji biyar. Na tara alƙalumanka, sun ba ni ɗari da tamanin da shida. Uku tana raba wannan. Ke nan uku tana raba lambarka. Ko uku ta daina aiki ne ba a sanar da mu ba?"

Wani ya tuntsire da dariya, sauran suka biyo shi.

Farfesa ya banko ƙofar ofis har ta bugi bango.

"Jaka! Ke kika kashe ni!"

Ta ɗauko kwafi ɗaya. Ta ajiye littafin kusa da kwafin, ta koma gefe. Ya bi su da yatsa, alƙalami bayan alƙalami, sau biyu, gumi na ɗiga a kan takardar. Babu bambanci ko ɗaya.

Dakta ya leƙo. "To ka gyara mana. Ba kai ka gano ta ba?"

Farfesa ya yi ta juya shafukan baya, leɓunansa na motsi. Bai san inda zai fara ba.

"Kwashe kayanki," ya ce mata. "Kar in sake ganinki."

Kayan nata ba su fi kofi da laima ba. Daga ƙasan jakarta ta zaro wata ambulan da gefenta ya fara ja don daɗewa, ta nufi gidan waya. Ta liƙa kan sarki, ta duba adireshin mujallar, ta saka wasiƙar a akwati.

A ciki akwai cikakkiyar hujja da lambar gaskiya, mai huɗu a inda Farfesa ya ga biyar. A ƙasa kuma akwai sa hannunta, ita ɗalibar da ya kayar a jarrabawa shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya riƙe littafinta, littafin nan da ya jefa mata da safe, wadda tun tana aji ɗaya take sauya alƙalami guda a duk amsar da ta rubuta, saboda masu satar amsa.