Jirgin da Gernot Ya Zaɓa

"Ke Traudl, wannan ne namu! Ina kuma za ki?"

Mijina Gernot ke nan, yana daka min tsawa a gaban mutane. Tun safe yake jana a lungunan garin Passau na ƙasar Jamus. Ya hana ni sayen kek, ko mai yi mana jagora ma sai da Gernot ya gyara masa tarihin garinsu.

Jiragen ruwa biyu ne manne da juna a bakin kogi, kamar an tsaga kara. Sai ka ratsa na farko kafin ka shiga na biyu. Ya baje a kujerar na farko.

Na ce, "Na bayan ne, maigida."

"Ƙwaƙwalwar kifi! Je ki, da ƙafarki za ki dawo."

Na wuce abina. Aka kwance igiya. Nasa ya gangara Ostiriya, nawa ya juya cikin Jamus. Yana ta tsalle, ina ɗaga masa hannu.

Ma'aikaciyar jirgin ta ce, "Ayya, mijinki ya yi ɓatan kai?"

Na ce, "Gernot? Ai ba ya kuskure, 'yar nan. Wancan ɗin ne jirginmu. Kawo min kek."