Gahawa Mai Gishiri a Kan Matakala

Ranar da dangin Koray suka zo nema masa auren Nesrin a Berlin, falo na cika Koray ya sulale waje. A kan matakala ta same shi, gumi ya jiƙa masa riga.

"Nesrin, ba zan iya ba. Duk sun zuba min ido, harshena ya ƙi motsi. Ki nemi wanda ba ya tsoron mutane."

Ta zauna gefensa, ta miƙa masa gahawar nan mai gishiri da Turkawa ke gwada masu neman aure da ita.

"Shanye, matsoracina. Babana ma a banɗaki ya ɓuya ranar tasa."

Ya karɓa, ya shanye tas.

"To, shige gaba. Ina bayanki."