Hankici a Bakin Ƙofa

Da aka yanke ƙyallen buɗewa, manaja ya ja gefe yana murmushi. "Bismillah, malama. Ke za ki fara hawa."

Ta dubi sabuwar hanyar siminti da aka shimfiɗa wa keken guragu, kusa da tsohuwar matakala. Tun ranar da aka ɗauke ta aikin buga takardu, a bayan mahaifinta take hawa matakalar nan. Kullum da safe sai ya durƙusa ya goya ta, yana haki yana tsokana: "Uwata, albashin nan ya karɓe ki, kin fi jiya nauyi." In sun kai sama, sai ta zaro hankici ta share masa zufar ƙeya. Shi ya yi ta sintiri wurin manaja har aka yarda a yi hanyar, amma bai ga zuba simintin ba. Tun rasuwarsa take zaune a gida, tana jin ƙishin-ƙishin za a ba wani kujerarta.

Ta kama tayoyi ta tura. Kafaɗunta suka ɗau zafi, keken ya nemi komawa baya, ta cije ta sake turawa. Sai ga ta a bakin ƙofa.

Tafi ya ɓarke. "Kin gani?" in ji manaja. "Yanzu ba kya bukatar kowa!"

Ta gyaɗa kai. Sai a lokacin ta lura hannunta ya riga ya zaro hankicin, ya miƙe gaba, yana neman ƙeyar da zai share.