Kwaɗo Biyu a Gadar Köln

"Ɗaga ƙafa mana, Gudrun, hadari ya taso!" in ji Dietmar ga matarsa, alhali ko ɗigon gajimare babu a sama.

Yawon tunawa da ranar aurensu suka fito. Sun zaga babbar majami'a, sun leƙa tsohuwar ƙofar Rumawa, duk a natse. Amma suna hawa gadar jirgin ƙasa, inda masoya ke garƙame kwaɗo mai ɗauke da sunayensu a jikin shinge, gumi ya keto masa. Can tsakiya akwai wani jan kwaɗo: Dietmar da Silke.

"Kalli kogi! Kalli jiragen ruwa!" Ya juya mata kai da hannunsa.

"Kai, maigida, yau kogin nan ya yi kyau!" ta ce, har tana fin shi sauri.

Suka tsallake ba wanda ya dubi shingen. Dietmar ya sauke ajiyar zuciya, yana jinjina wa wayonsa.

Ni da nake zana wa masoya sunaye a jikin kwaɗo a bakin gadar, sai na ƙunshe dariya. Dab da jan kwaɗon akwai wani shuɗi: Gudrun da Volker.

Rana ɗaya na zana musu. Shi da safe, ita da yamma.