Sawun Kaza a Jikin Taya

Mai Faci bai tsaya neman takalmi ba. Da waya a kunne ya haye bayan babur, muryar da ke ciki tana ta nanata magana ɗaya: motar Auta ta kife a kwanar gada, tayar gaba ce ta fashe.

Auta ƙanensa ne, ciki ɗaya, direban bas mai dogon zango. Mai Faci ne ya raine shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya fara ɗora shi a kan sitiyari.

"Ƙara wuta," ya ce wa mai babur. "Don Allah ƙara."

Mai karatu, kafin su isa, ya kamata ka san abin da Mai Faci yake yi a bayan rumfarsa.

Tun da annoba ta rufe tashoshin jiragen ruwa, kasuwar taya ba ta sake miƙewa ba. Ana cewa an fara numfasawa, sai yaƙi ya ɓarke a ƙasashen da ko sunansu bai iya faɗa ba. Jiragen kaya suka koma dogon zagaye, mai ya yi tashin gwauron zabi, kuɗin ƙasa ya zube. Sabuwar taya ta gagari direbobi, ta hannu ma sai mai hali.

A nan ne Dogo dillali ya zo masa da shawara.

"Kai fa hannun zinariya gare ka, ka zauna kana hura wa mutane iska," in ji Dogo. "Duniya ce ta karye, ba mu muka karya ta ba. Ga tayoyi can a bola duk sun yi sanƙo. Ka yi musu kitso mana."

Ya gwada. Ya sa wuƙa a garwashi ta yi jawur, ya bi tsohon zanen da ya suɗe yana yanka sabo, har kusa da wayar ciki. Ya wanke, ya shafa baƙin mai, taya ta fito tana ƙyalli. Dogo kuma ya riƙa kwasa yana kaiwa inda ba a san su biyun ba.

Mai Faci ya san robar da aka rage wa kauri ba ta jure zafin kwalta. Sai ya yi wa nasa dabara: duk tayar da ya zana, sai ya yi mata tsaga uku ƙanana a gefen baki, kamar sawun kaza. Duk ranar da Auta zai yi lodi, sai Mai Faci ya durƙusa ya bi tayoyin motar ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya, wai kwarkwata kake nema?" Auta kan ce yana dariya.

"Ja motarka, sarkin surutu."

Bai taɓa gaya masa abin da yake nema ba.

Shekaranjiya Auta ya kira daga wani gari. "Yaya, taya ta mutu mini a hanya, amma na samu wata fes, araha kamar kyauta. Ashe da sauran masu imani a duniya." Wuƙa na hannun Mai Faci a lokacin, tana hucewa. "Allah ya sa albarka," ya ce, ya kashe wayar.

A kwanar gada bas ɗin na kwance a gefenta, kaya warwatse a kwalta. An jera mutane a bakin hanya, an lulluɓe su da zannuwa. Da agogon da ya saya masa ya gane hannun Auta.

Can gefe ya ga yagaggiyar roba. Ƙafafunsa suka kai shi ba da sonsa ba. Ya goge taɓon da babban yatsa.

Tsaga uku.

"Allah ya isa tsakaninmu da wanda ya yi wannan taya," in ji wani tsoho a bayansa. Jama'a suka amsa da amin. Mai Faci ya ji bakinsa ma yana motsi.

A gida, matar Auta na zaune jingine da bango da tsohon cikinta, hawaye sun ƙare mata.

"Yaya, da ta wurinka ya biyo, da yanzu yana nan," ta ce. "Kai kaɗai ne kake duba masa taya tsakani da Allah."

Ya kasa ɗaga kai.

Washegari ya nufi rumfa da kalanzir, zai ƙone sauran tayoyin. Ya tarar da bayan rumfa wayam. Dogo ya riga ya kwashe, wayarsa kuma a kashe.

Yana tsaye da galan a hannu wani mutum ya yi sallama, fuskarsa cike da fara'a.

"Kai ne Mai Faci? Dogo ya ce a wurinka yake sarowa. Ni ke kula da motocin makarantar yara. Tayoyin nan sun yi mana daɗi, jiya muka ɗaura su. Tun safe ma motocin suka ɗau ɗalibai zuwa gasa a wani gari. Na zo ne a ƙaro mana."

Galan ɗin ya suɓuce daga hannun Mai Faci.

Jama'a, tsadar da ta game duniya gaskiya ce, amma ba ta halatta maka cutar da kowa ba. Algus ɗin da ka saki a kasuwa ba ya tantance naka da na wani.